Gonar Baba Akaa a Bakin Teku

Da Sesugh ya bugo waya daga Legas ya ce bana ba za su zo Lafia Kirsimeti ba, su tsofaffin ne za su je a yi hutu tare a bakin teku, abin da ubansa Baba Akaa ya fara tambaya shi ne, "Hutu daga mene?"

Wayar ba tasa ba ce. Ta wata yarinya ce mai zama ƙarƙashin lema a bakin titin unguwarsu, Bukan Sidi, wadda ake biya a yi kira, saboda haka duk mai wucewa ya ji tattaunawar. Baba Akaa bai taɓa yarda murya za ta kai Legas ba tare da an ɗaga ta ba.

"Baba, hutu kawai," in ji Sesugh. "Na kama mana ɗaki na katako wajen Badagiri, kusa da ruwa. Kai da Mama da yara, kowa ya sha iska."

"Iska ya ƙare a Lafia ne?"

Ya yi mita yadda ya saba, amma tun kafin ya miƙa wa yarinyar wayarta ya san zai tafi. Ba don iska ba, ba don teku ba. Don jikansa Terseer ne, wanda shekara biyu ke nan ba ya yi masa magana.

Ga yadda abin ya faru. Lokacin yaron yana da shekara uku, Sesugh ya kawo shi gida tare da uwarsa Perpetua. Akwai wani farin ɗan akuya a tsakar gida, yaron kuwa ya manne masa. Ya raɗa masa suna Buroda, yana ba shi biskit, yana ja masa kunne, har rigima ya yi wai sai an kwana da shi a ɗaki. Baba Akaa ya zauna yana kallo, ya yi tunani irin na mutumin kirki: jikana ya nuna wanda yake so a cikin garken. A gidansu, baƙo mai daraja in ya zo, abin da ya fi burge shi ake yanka masa. Ranar Kirsimeti da hantsi tsohon ya gasa hanta da hannunsa, ya barbaɗa gishiri, ya durƙusa gaban yaron yana murmushi ya ce, "Ga Burodan ka. Ci."

Ihun da yaron ya yi, har yau maƙwabta suna ba da labarinsa.

Tun daga ranar Terseer bai sake kiransa Kaka ba. Sunansa ya koma "mutumin nan". In an ba shi waya ya gai da kakanninsa, sai ya gai da kakarsa Mama Ngunan, ya tambayi kaji ko suna nan da rai, ya mayar da wayar. Baba Akaa yakan yi dariya in an yi zancen a gaban mutane. A zuci kuwa abin yana cinsa, ciwo sosai, irin wanda namiji ba ya faɗa wa matarsa amma ita ta sani.

Kuma bana yaron ya cika biyar. A gidan Akaa, ɗa namiji in ya kai wannan shekarar ana ƙera masa 'yar garma daidai tsawonsa, babban gida ya miƙa masa hannu da hannu, shi kuma ya karɓa. Ba a ajiye masa ita a ƙasa, ba a ba uwarsa ta riƙe masa. Akaa ya karɓi tasa. Sesugh ma ya karɓi tasa, ko da yake daga baya ya jingine ta ya ɗauki biro. Tuni tsohon ya je wurin Kalilu maƙeri a kasuwa aka ƙera wata, ya goge ƙotarta da kwalba har ta yi santsi, ya naɗe ta cikin tsohon zane. Abin da yake so ke nan a wannan tafiya, ba ƙari: yaron ya miƙo hannu ya karɓa.

Shirin tafiya kuwa Mama Ngunan ce ta ɗauke shi, kamar an ce mata Legas ana yunwa. Doya buhu guda daga gonarsu ta hanyar Obi, agushi, busasshen kifi, manja, turmi da taɓarya. Da ta kamo kaji biyu za ta ɗaure musu ƙafa, Baba Akaa ya yi tsalle ya tare ƙofa.

"Maman Sesugh, ajiye su! Duk abin da za a ci a tafiyan nan, ya mutu tun daga Lafia. Ba abin da zai shiga gaban yaron nan da rai."

Ta ajiye kajin tana dariya, sai ta hango babbar garmarsa a cikin kaya. "Wannan fa? Za ka yi noma cikin ruwa?"

"Mutum yana tafiya ya bar hannunsa a gida?"

Haka suka shiga doguwar mota, kwandasta yana ƙorafin turmi, Baba Akaa yana rungume da garma biyu, babba da ƙarama.

Ɗakin da Sesugh ya kama yana cikin itatuwan kwakwa, an ɗaga shi bisa sanduna, bangonsa katako, daɓensa katako, rufinsa ciyawa. Baba Akaa ya zagaya shi, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa. Ya tuna shekarun da ya yi yana sayar da doya yana sayen bulo kaɗan-kaɗan don kada 'ya'yansa su tashi a bukka.

"Sesugh."

"Baba."

"Aiki ya lalace ne? Ka faɗa mani gaskiya, ni ubanka ne."

"Baba, nan wajen manya ne. Mutane suna kama ɗaki tun Oktoba."

"Manya suna biya su kwana a akurki?" Ya girgiza kai. "To. Allah ya kyauta."

Mama Ngunan ba ta tsaya kallon gini ba. Ta dafa doya ta kafa turmi a tsakiyar falon, ta ɗaga taɓarya. Bugun farko, kofuna suka yi rawa a kan tebur. Na biyu, Mimidoo, ƙanwar Terseer mai shekara biyu, wadda ke zaune a ƙasa, ta ɗan tashi sama ta dawo, ta kuwa ƙyalƙyale da dariya tana neman ƙari. Mutanen ɗakin kusa suka fito baranda suna tambayar ko lafiya. Perpetua ta roƙi surukarta da girman Allah aka sauke turmin ƙasa, inda kowane bugu yake ƙara nutsar da shi cikin yashi, har aka gama kirɓa sakwarar a durƙushe.

Mimidoo ba ta da tarihi da kowa, tun a ƙofa ta haye cinyar kakanta tana jan gemunsa. Terseer kuwa yana bayan uwarsa, ido ɗaya a waje. A hannunsa akwai jar motar roba mai ƙafa uku, ta huɗun ta ɓace tun bara, da ita yake ci, da ita yake barci. Baba Akaa ya tattara duk taushin da ke muryarsa ya ce, "Terseer, motan ka yana da kyau."

Yaron ya cusa motar cikin riga ya fasa ihu. "Mami! Ya ce yana da kyau! Haka ya ce ma Buroda!"

Da yamma tsohon ya gwada sa'arsa. Ya warware zanen, ya fito da 'yar garmar, ya miƙa ta da hannu biyu. Terseer ya dubi bakin ƙarfen yana ƙyalli, ya mayar da hannayensa baya.

"Wuƙa ne?"

"Garma ne, na ka ne."

"Ba na so."

Perpetua ta ce, "Baba, kawo in ajiye masa." Ya ce a'a, ba haka ake yi ba. Ya naɗe ta, ya tura ƙarƙashin gado. Ranar sakwara ba ta yi masa daɗi ba.

Washegari ya riga kowa tashi, domin jikinsa bai san an zo hutu ba. Ya fita ya ga teku da idonsa. Ya yi tsammanin zai ga wani abu kamar Binuwai a Makurɗi, sai dai ya fi faɗi. Abin da ya gani ruwa ne wanda ba shi da tsallake, yana ta gunji shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Amma ruwan yana can nesa. Tsakaninsa da itatuwan kwakwa akwai fili shimfiɗaɗɗe mai danshi, ba ciyawa, ba dutse, ba kututture ko ɗaya. Baba Akaa ya tsugunna ya damƙi yashin, ya matse, ya buɗe hannu. Yashin ya riƙe siffarsa.

"Kai," ya ce a ransa. "Fadama kamar wannan, ba mai shi?"

Da rana ta ɗan ɗaga, Perpetua ta fito da yaran da bokitin roba da ɗan shebur na wasa. Terseer ya cika bokiti da busasshen yashi ya kife, ya ɗaga, abin ya zube. Ya sake, ya sake zubewa. Baba Akaa yana kallo daga gindin kwakwa, zuciyarsa na tafasa. Jinin Akaa, jikan mutumin da ake kira gayya daga Obi har Adogi saboda kyawun huɗarsa, yana tara ƙasa tana rushewa a gaban jama'a! Bai san lokacin da ya shiga ɗaki ya ɗauko babbar garmarsa ba.

Ya tuɓe riga ya bar singileti, ya naɗe ƙafar wando, ya gangara can ƙasa inda yashi ke da danshi. Ya tofa yawu a tafi. Sara uku, juyi ɗaya, ga tulin doya ya tashi, zagayayye, kansa a tsaye. Ya ja baya taku ɗaya ya yi wani. Kafin a jima ya ja layi miƙaƙƙe, ya juyo da na biyu. Yashin ba ya gardama ko kaɗan, garma tana shiga kamar cikin tuwo. Rabonsa da jin daɗin aiki haka tun yana saurayi, har waƙar noma ta kuɓuce masa da harshensu na Tibi.

Masu hutu suka taru. Wani mai gajeren wando ya ɗauki hoto. Baba Akaa bai kula su ba, domin ta gefen ido ya hango abin da yake nema. Terseer ya bar bokitinsa. Yana matsowa a hankali, yana tsayawa, yana sake matsowa, motarsa a ƙirji. Tsohon ya ci gaba da aiki kamar bai gan shi ba.

"Mene ne wannan?" in ji yaron, daga nesa kaɗan.

Maganar farko ke nan da ya yi masa don kansa a shekara biyu.

"Gona ne. Ɗakin doya."

"Doya yana kwana a ciki?"

"Yana kwana. Ka sa ƙarami guda ɗaya, ka rufe. In ka dawo ka tona, ya haihu."

Yaron ya yi nazari. Ya dubi tulin, ya dubi motarsa. "In an sa mota fa?"

A nan ne ya kamata dattijo ya faɗi gaskiya. Amma wanda ya yi shekara biyu yana jiran yaro ya yi masa tambaya ba ya son tambayar ta ƙare. Kuma jiya ya ga wani mai talla a bakin ƙofar wurin da tire cike da motocin roba. Dabara ta faɗo masa nan take: a binne ɗaya, bayan cin abinci ya saci jiki ya sayo biyu ya ƙara a ciki, da yamma yaro ya tona ya sami uku. Daga nan kuma sai miƙa garma.

"Mota ma yana haihuwa," in ji Baba Akaa, ko ƙyafta ido bai yi ba.

"Ba za ka yanka shi ba?"

"Na rantse. Ba abin da zai taɓa shi. Ni ne mai gadi."

Terseer ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsugunna gaban tulin da ya fi kowanne girma, ya tona rami da hannu, ya sumbaci motar, ya sa ta, ya rufe. Ya soka ɓawon kwakwa a kai don shaida.

Sesugh ya iso yana hamma, da tawul a wuya. Ya dubi gonar, ya dubi teku, ya sosa kai.

"Baba, aiki ya yi kyau. Amma ruwa zai zo nan fa."

"Wane ruwa?"

"Teku. Yana hawa, yana sauka. Kullum haka yake yi."

Baba Akaa ya jingina da garma ya dubi ɗansa da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda makaranta ta ɓata. Ya kama hannunsa ya ja shi sama, kusa da itatuwan kwakwa, inda wani dogon layi na tarkace ya kwanta a kan yashi: ciyawar ruwa, ƙirare, silifas ƙafa ɗaya.

"Ka ga wannan? Kai ba ka san shi ba, ni na san shi. Nan ne ruwa ya tsaya da damina. Kowane kogi yana barin shaidansa. Wannan na Agusta ne, ko Satumba. Yanzu wane wata muke?"

"Disamba, Baba, amma..."

"Disamba! Ka taɓa ganin ruwa ya hau a Disamba? An yi hadari jiya? Ka ga girgije?" Ya nuna sama, wadda ke nan tas. "Ni na yi shinkafa a bakin kogi tun ba a haife ka ba. Ruwan nan ba zai dawo nan ba sai an yi shuka."

"Baba, wannan ba kogi ba ne."

"Ruwa ruwa ne. Kai a famfo ka san shi."

Sesugh ya buɗe baki, ya tuna da wa yake magana, ya rufe. Bai san an binne mota ba, da ya nace. Ya ɗauka tulin yashi ne kawai za a yi asara.

Da Mama Ngunan ta ƙwala kiran abinci, Baba Akaa ya yi abin da yake yi kowace rana a gonarsa. Ya kafa garma a gindin tulin ƙarshe, inda zai tashi da aiki in rana ta yi sanyi. Manomi ba ya shiga gida da garma da tsakar rana, kuma a duk ƙasar Obi ba wanda zai taɓa garmar da aka kafa. Suka hau zuwa ɗaki. Terseer bai kama hannunsa ba, amma a gefensa ya yi tafiya, ba a bayan uwarsa ba.

Ranar sakwara ta yi daɗi, har ya nemi ƙari. Da yara suka kwanta barcin rana, ya zame ya je bakin ƙofa ya sayo motoci biyu, shuɗiya da ruwan ɗorawa, ya cusa a aljihu. Ya dawo ya ce bari ya ɗan kishingiɗa a baranda kafin ya je ya binne su. Iskar nan da ya rena a waya ita ta yi masa aiki. Barci ya kwashe shi.

Hannun Terseer ne ya tashe shi. Ba taɓa shi yaron ya yi ba, kujerar ya girgiza.

"Mutumin nan. Ya haihu?"

Baba Akaa ya zabura, ya dafe aljihu. Ya shiga lissafin yadda zai sa yaron ya juya baya ya cusa motocin. Suka bi ta cikin itatuwan kwakwa, yaron yana gaba da gudu. Sai ya ga yaron ya tsaya cak.

Babu gona. Babu fili ma. Teku ya taso har layin tarkacen nan na Agusta, yana lasar silifas ɗin, yana komawa, yana dawowa. Inda aka yi huɗa da safe ruwa ne ke birgima da farin kumfa, kamar tun da aka halicci duniya haka wurin yake.

Baba Akaa ya dubi sama. Ba girgije ko ɗaya.

"Ina gona?" in ji Terseer da ƙaramar murya. "Ina mota na?"

"Tsaya, tsaya, ga shi ya haihu tun ɗazu, na tono..." Tsohon ya zaro motocin biyu daga aljihu. Yaron ya dube su. Ƙafa huɗu-huɗu, sababbi fil, da takardar farashi manne a gindin ɗaya.

"Ba nawa ba ne! Nawa ja ne! Ƙafa uku!" Ya juya ya kwasa da gudu wajen uwarsa da ke tahowa. "Mami! Ya kashe Buroda, yanzu ya ba ruwa mota na! Ya ce shi ne mai gadi!"

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta soki Baba Akaa. Bai yi shawara da kowa ba. Ya jefar da motocin, ya nufi teku da takalminsa da hularsa, yana nuna shi da yatsa yana zazzaga masa faɗa da Hausa da Tibi a haɗe.

"Kai ɓarawo! A Disamba? Wa ya kira ka? Kawo kayan yaro!"

Ya shiga har gwiwa, ya sunkuya yana lalube inda yake zaton babban tulin yake. Igiyar farko ta jiƙa shi zuwa ƙirji. Ya miƙe zai ƙara mata magana, ta biyu ta zo ta ɗauke masa ƙafafu, ta juya shi, ta cika masa baki da gishiri, ta ajiye shi a zaune. Mama Ngunan tana bakin ruwa tana salati irin nasu na coci, tana kiran Yesu da Sesugh bi da bi. Sesugh ne ya fara isowa. Ya kamo ubansa ta hammata ya jawo shi kan busasshen yashi, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya.

"Baban Sesugh, za ka kashe kanka don roba?" in ji Mama Ngunan, tana matse masa riga tana dariya tana share hawaye, ita kanta ba ta san wanne take yi ba. "Ruwa ya ci gona, to, sai ka ɗauki garman ka mu koma Lafia inda ruwa ke da kunya."

Baba Akaa ya daina tari. Ya ɗago kai a hankali ya dubi ruwan.

Sai yanzu ya tuna. Garmar tana gindin tulin ƙarshe.

Ƙarfenta an sake shi ba sau ɗaya ba, amma ƙotar ta ubansa ce. Hannun uban ya cinye ta ta gefe ɗaya, nasa ya cinye ta ta ɗaya gefen, har ta yi lanƙwasar da ba ta dace da hannun kowa ba sai nasa. Da ita ya biya kuɗin makarantar Sesugh, da ita ya yi bulon gidan Bukan Sidi. Ya zauna a jiƙe, ƙafafu a miƙe kamar ƙaramin yaro, ruwa na ɗiga daga gemunsa, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Mama Ngunan ta daina dariya. Tun da ta aure shi, sau ɗaya ta ga hawayensa, ranar da aka binne uwarsa.

Terseer ya leƙo daga bayan zanen Perpetua. Kukansa ya tsaya, saura shessheƙa.

"Mami, me ya sa mutumin nan yana kuka?"

"Ruwa ya tafi da garman shi."

"Babban?"

"Babban. Na baban shi ne."

"Ba zai dawo ba?"

"Ba zai dawo ba."

Yaron ya daɗe yana kallon tsohon. Ya san wannan kukan, ya yi irinsa sau biyu a rayuwarsa, kuma bai taɓa tsammanin mutumin nan ya iya shi ba. Ya saki zanen uwarsa ya juya ya nufi ɗaki. Aka ji ƙafafunsa a kan matakalar katako, aka ji ana jan wani abu daga ƙarƙashin gado.

Ya dawo yana jan 'yar garmar a ƙasa, zanen na biye da ita. Ya tsaya gaban kakansa, kusa sosai, ya ɗaga ta da hannu biyu.

"Kaka. Ga nawa."

Baba Akaa ya dubi garmar, ya dubi hannayen da ke riƙe da ita. Ba haka ake yi ba. Tun kakannin kakanni babba ne ke miƙawa, yaro ya karɓa. Ya buɗe baki zai yi bayani, Mama Ngunan ta taka masa ƙafar da ba takalmi.

Ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

"Aro ne fa," in ji Terseer, yana jan majina. "Ba kyauta ba. Zan zo Lafia in karɓa."

"To, maigida. Aro ne."

"Kuma kada ka ba ruwa."

Bayan sabuwar shekara, mutanen Bukan Sidi suka yi ta zuwa jin labarin teku. Baba Akaa ya gaya musu gaskiya, cewa ruwa ne marar tarbiyya wanda bai san rani ba bai san damina ba, kuma kada wanda ya yarda da shi. Ya je wurin Kalilu aka ƙera masa sabuwar garma, wadda ya yi wata guda yana zagin ƙotarta. 'Yar ƙaramar kuwa ya rataye ta a falo, sama da kalandar coci. Duk baƙon da ya miƙa hannu zai taɓa, sai ya ce, "Bari, ba nawa ba ne. Mai shi yana zuwa Ista."

Ya kuma sayi ɗan akuya fari. Mama Ngunan ta tambaye shi ko na Ista ne, ya ce ta kiyaye shi, wannan akuyar tsufa ne zai kashe shi.